Neman Zama Burusli da Furfura

Duk ɗan Fagge da ya haura shekara arba'in, in ka tona can ƙasan zuciyarsa, za ka tarar ya yarda ya iya faɗa. Ba wai ya taɓa yi ba ne. Sinima ce ta ɗora mu a keken ɓera. Mun buɗi ido Plaza na tsakiyar unguwarmu, ga Wapa a inda 'yan canji suka kafa sansani yanzu, Sabon Gari kuwa tun 1937 aka buɗe Rex a cikinta, kafin a zo ga Eldorado. Daren fim ɗin Indiya na masoya ne, daren Cainis namu ne. Mu da ba mu da kuɗin tikiti mukan raɓe a bakin ƙofa har a kusa tashi, ana buɗewa mu afka mu kalli faɗan ƙarshe, wanda dama shi ne fim ɗin. Ana fitowa kuwa, daga bakin sinima har Fagge ta Kudu babu garun da ba ya shan ƙafa. Kowa na tsala ihu da siririyar murya, kowa na shafar hanci da babban yatsa. Burusli ya mutu tun 1973 yana ɗan shekara 32, amma a lungunmu bai mutu ba sai da muka yi aure.

Fim ɗin Cainis yana da ƙa'ida biyu. Akta ba ya mutuwa. Yaran bos kuma, ko su hamsin ne, ladabi gare su: layi suke bi, kowa ya jira a gama karya ɗan'uwansa kafin ya shigo. Da wannan karatu na girma, na samu shago a Kwari, na zauna a kan dila ina cin shinkafa da wake da rana, ina kora kunun aya, har tumbi ya riga ni shiga ɗaki.

Ranar da aka yi mini jarrabawa, bayan magariba ne. Na taso daga kasuwa na biyo wani lungu da ke yanke mini hanyar gida, ina tafe ina lissafin ciniki a waya. Sai ji na yi an ce, "Baba, sannu da ƙoƙari." Na ɗaga kai zan amsa. Yara uku ne, babbansu ban jin ya girmi ɗana na fari. Ɗaya ya ɗage riga ya nuna mini ɗan bida a ƙugunsa, ko zarowa bai yi ba.

"Ba mu wayar."

Tun ina yaro nake tanadin wannan rana. Na san inda zan dasa ƙafar hagu, na san kalar ihun da zan yi. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, "To, ranka ya daɗe." Da hannu biyu na miƙa. Ya ce lambar buɗewa fa? Na faɗa masa, na maimaita don kada ya manta. Da suka juya za su tafi, wallahi ban san lokacin da na ce "Allah ya kiyaye hanya" ba.

Kafin in isa gida sun zama su bakwai. Washegari a kasuwa sun kai goma sha biyu, har da mai barandami. Uwargida ce kaɗai ba ta yi salati ba. Ta dubi shaddata sama da ƙasa, ko karin guga bai ɓaci ba, ta ce, "Lallai Malam an sha artabu. Ga tuwo nan."

A kaina abin ya tsaya a dariya, amma a gari ba wasa ba ne. Akwai gidaje a Kano da aka yi zaman makoki saboda wayar da ba ta kai kuɗin ragon suna ba. Hukuma ta yi ta nata ƙoƙarin: a watan Yulin 2022 aka hana a-daidaita-sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, a watan Mayun 2023 kuma gwamnatin jiha ta ce daga yanzu mai ƙwacen waya ɗan fashi da makami ne a idonta. Na ce to, hukuma ta yi nata, saura nawa. Zan koyi faɗa na gaskiya. Saura a san wanne.

Na kai maganar majalisarmu ta wajen mai shayi, inda babu tambayar da take kwana ba a amsa ta ba, ko da ba a san amsar ba. Wani abokinmu ɗan canji, wanda yawan mu'amala da sefa ta sa yake ɗaukar kansa rabin ɗan Nijar, ya ce takwando ita ce magana. Hujjarsa Abdulrazak Alfaga, wanda ya ciyo wa Nijar azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Ya ƙara da namu Chika Chukwumerije da ya samo tagulla a Beijin a 2008. Abin da bai faɗa mini ba shi ne tsawon Alfaga ya haura mita 2, ƙafarsa tana isa fuskar mutum tun yana wata unguwa, ni kuwa sai na ɗaga tumbi nake ganin tawa. Mahaucin layinmu ya tofar da goro ya ce duk shirme ne, dambe muka gada. Wani ɗalibin jami'a, ƙanen mai shayin, ya ce an wuce wannan zamanin, yanzu faɗan cikin keji ake yi, irin na su Kamaru Usman da Israel Adesanya. Can gefe wani tsohon soja da ba ya shan shayi da madara ya ce, "Ka koyi gudu." Aka yi dariya aka ci gaba da hira.

Da takwando na fara, don kayanta sun fi kyau a hoto. Na shiga kasuwar Sabon Gari wajen 'yan gwanjo na samo farar riga da wando da bel. Mai sayarwa ya tambaye ni shekarun yaron da zan saya wa. Na ce babba ne.

Malamin da aka haɗa ni da shi Ibo ne haifaffen Sabon Gari, kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kano, Hausa kuwa har karin magana yake gyara mini. Kowa Masta yake ce masa. A wani fili yake koyarwa da sassafe ranakun Asabar da Lahadi. Da na iso na ga 'yan ajinmu sai gwiwata ta yi sanyi: babbansu ɗan aji biyu ne a ƙaramar sakandare. Kuma a wannan sana'a ba a san furfura ba, bel ake dubawa. Farin bel shi ne wutsiyar layi. Wata 'yar yarinya mai kitso biyu da koren bel ita ce shugabar sahunmu, ita za ta ba da umarni in rusuna. Na ce wa Masta ni fa ba na ruku'u sai a salla. Ya ce, "Alhaji, gaisuwa ce. Ai ka rusuna wa wanda bai kai ta ba." Ashe labarin lungu ya riga ni zuwa.

Kafin a koya maka duka sai an koya maka ware ƙafa. Yaran nan sai su zauna daɓas, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, suna hira. Na ce ni ma ɗa ne. Na fara sauka a hankali, Masta na cewa ya isa, yarinyar nan mai koren bel na kallona, ni kuwa girma ya hana ni tsayawa. Sai na ji wani abu ya ce ƙas a cikin cinyata. Sauran saukar ba da izinina aka yi ta ba. Samari biyu masu buga ƙwallo a gefe su suka ɗaga ni, a yadda nake, ƙafafu a buɗe, suka sa ni a a-daidaita-sahu a karkace. Masta ya leƙo ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Alhaji." Na daɗe ina salla a zaune a kan kujera a bayan sahu, tare da dattawan da suka yi zamani da Sardauna. Liman ya tambaye ni ko hatsari na yi. Na ce e, kusan haka. Uwargida kuma kullum dare tana shafa mini man zafi kafaɗunta na rawa, in na waiwaya ta ce tari ne.

Da na warke na koyi harbi ɗaya, na gaba, kuma ba yabon kai ba, a cikin farin wando yana fita. Sai wata tambaya ta faɗo mini: wa zai tare ni a lungu ina sanye da kayan takwando? Ni kullum cikin shadda nake mai sitaci, da wando mai zariya, da takalmi sau-ciki. Na shiga tsakar gida bayan la'asar a cikin kayan kasuwa don in gwada. Na yi ihu, na saki ƙafa. Wando ya yi magana daga gaba har baya, takalmi ya tashi sama ya sauka a kwanon maƙwabci, kaji suka watse. Ƙaramin ɗana ne ya je karɓo takalmin, kuma ya faɗi gaskiya da aka tambaye shi.

Da na mayar da ƙorafi majalisa, ɗalibin nan ya ce dama ya faɗa: wasa daban, faɗa daban. Ya ba mu labarin wasan ƙarshe na kareti a Olamfik ɗin Tokiyo da aka yi a 2021, ajin manya. Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki, ya ɗaga ƙafa ya sami Sajad Ganjzadeh na Iran, mutumin ya zube a sume, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Alƙalai suka ce dukan ya wuce ƙa'ida, suka kori wanda ya yi dukan. Wanda ya suma shi aka ba zinare. Na ce in dai haka ne ai ni ma zakara ne ban sani ba. Mahauci ya ce, "Kun gani? Mu a dambe wanda ya faɗi ya faɗi."

Ya ja ni gidan dambe na Ado Bayero Square da ke nan Sabon Gari. Duk zamana a Fagge ban taɓa shiga ba, sai dai in ji Ɗan Anace a rediyo yana wasa Shago, in ji tsofaffi na musu a kan Ɗandunawa. Gani ya kori ji. Kalangu na tashi tun daga ƙofa, 'yan Kudu a ɓangarensu, 'yan Arewa a nasu, Guramada a nasu. Na zauna kusa da wani saurayi da ake naɗa wa zare. An fara da tsumma a kan dunƙulallen hannu, sannan igiya, zagaye bayan zagaye, mai naɗin na ja da haƙori yana danna ƙulli, har hannun ya daina kama da hannu. Wannan shi ne mashi. Ɗaya hannun a buɗe yake, shi ne garkuwa, da shi ake tarewa, da shi ake auna nisa, da shi ake rufe wa abokin karawa ido. Turmi uku ake yi. Da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan tsayuwa. Mutum biyu su sunkuya suna kallon juna, garkuwa na taɓa garkuwa, ana ta kiɗa, babu wanda ya motsa. Kana juyawa ka sayi gyaɗa sai ka ji fili ya ɗauki sowa, ka waiwayo ka tarar ɗaya na kwance ana yi wa ɗayan liƙi. Yara a bayana suna ta musun su Dogo Mai Takwasara da Ebola, ni kuwa ina lissafin cewa wannan sana'a ta dace da ni, tun da yawancinta tsayuwa ce.

Mahauci ya kai ni wani kango inda yaransa ke motsa jiki da yamma. Aka naɗa mini zare. Tun ana naɗin na fara shakka, don kafin a gama sai da na amsa sallamar mutum uku, kuma ban ga ɗan ƙwacen da zai tsaya ya jira ni in naɗa ba. Aka zaɓo mini mafi ƙanƙanta a cikinsu, wani siririn yaro mai tallan balangu, aka ce masa, "Ka bi Baba a hankali." Ya ce to. Muka sunkuya. Na miƙa garkuwa. Sai tsohon ciwo ya motsa, na shafi hanci da babban yatsa, na buɗe baki zan yi ihun Burusli.

Abin da na sani bayan nan shi ne ana zuba mini ruwan leda a ka, wani na yi mini fifita da kwali, wani na tambayata yau wace rana. Na ce Sallah. Ashe kafin in farfaɗo wani mai azarɓaɓi ya ɗauki wayata ya kira lambar da ya gani a sama, ya ce, "Hajiya, an kashe Baba a dambe, amma ya fara motsi." Uwargida ta iso da mayafi a juye, da ƙanwarta tana kururuwa tun daga titi. Suka tarar da gawa a zaune a kan bulo tana shan fura. Ba ta yi mini magana a gaban mutane ba, don 'yar mutunci ce. Abin da ta faɗa a gida kuma ba na jarida ba ne.

Labari ya kai ƙauye. Kawuna ya yi takakkiya ya zo, ya ce abin kunya ne jikan mafarauta ya je Ibo na koya masa tsalle. Mu da muke da 'yan tauri? Mu da muke da sagau, da kau-da-bara, da baduhu? Ya kai ni wajen wani mai magani a bayan gari, aka ba ni wani baƙin ruwa a kwalbar lemo da garin da za a sha a kunu. Mai maganin ya zaro wuƙa ya ce in miƙo hannu a gwada nan take. Na ce a bari ya ratsa jiki tukuna. Ya ratsa kuwa, don daren nan ni da buta muka raba shi. Ranar Juma'a na je aski, mai askin ya zo gyaran gemu, hannunsa ya goce kaɗan da reza, sai ga jini har kan wuyan riga. Na koma wa mai magani da auduga a haɓa. Bai ko girgiza ba. Ya ce, "Ai na wuƙa na ba ka. Na reza daban ne, kuma ya fi tsada." Ƙanen uwargida, wanda ustazu ne, ya yi mini wa'azin da ya fi maganin ɗaci, kuma a wannan karon ban yi musu ba.

Kokawa da danginta a baki kawai muka yi su. Ɗan canji ya kawo tarihin takobin Nijar, wanda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Ɗalibi ya ce a gasar keji ta farko da aka yi a Amurka a 1993, wani ɗan Birazil marar jiki, Royce Gracie, shi ya cinye ƙarti ta hanyar kayar da su ƙasa ya shaƙe. Na yarda da su duka. Amma na san ƙasan lungunanmu: ga kwata, ga fasassun kwalabe, ga abokan ɓarawo biyu a tsaye a kanka kana can kana shaƙe ɗaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Judo kuwa da aka ce mini sai an fara koya wa mutum yadda ake faɗuwa, na ce wannan darasin na riga na haddace.

Na koma wajen Masta, wannan karon ba farar riga. Na ce masa, tsakani da Allah, a duk waɗannan wanne ne yake maganin mai wuƙa? Ya ce in zo gobe da tsohuwar farar singileti.

Da na zo ya kira wani yaro ɗan shekara goma sha uku, ya ba shi jar maka irin ta rubutu a allo, ya cire murfin. Ya ce wannan ita ce wuƙa. Ya ce wa yaron kada ya yi irin na fim, ya soka ɗaya ya tsaya ana kallo. Ya yi yadda ransa ke so. Ni kuma ya ce in yi duk abin da na iya: takwando, dambe, Cainis, har da maganin Kawu. Daƙiƙa ashirin kawai. Ya hura usur.

Na yi niyyar in cafke hannun, yadda ake yi a bidiyo. Hannun ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yaron ya riƙe mini singileti da hagu, dama na shiga tana fita, yana dariya. Na kai harbi, ya zana mini layi a cinya. Na kai naushi, ya zana a damtse. Da usur ya sake kaɗawa ina haki na dubi jikina: singiletin nan ta koma kamar takardar jarrabawar daƙiƙin ɗalibi bayan malamin lissafi ya gama da ita. Masta ya zo da yatsa yana bi. Wannan na wuya, ya ce, ba za ka kai bakin titi ba. Wannan na cikin cinya, akwai babbar jijiyar jini a nan, ba za ka kai asibiti ba. Waɗannan na ciki sai tiyata, in an samu likita a kusa. Na yatsu bai ma ƙirga ba.

Na ce ai don ni sabon shiga ne. Sai ya sa tasa farar rigar, ya ce wa yaron ya zo. Mutumin da ya fi shekara ashirin da baƙin bel. Ya kuwa kama hannun, ya murɗe, maka ta faɗi ƙasa, yara suka yi tafi. Sannan ya juyo ya nuna mana: layi biyu a hannu, ɗaya dogo a haƙarƙari. Ya ɗage rigar, a ƙarƙashin jan layin akwai wani tsohon tabo na ɗinki. Ya ce yana saurayi, sabon baƙin bel na ɗibarsa, aka tare shi za a karɓi agogo. Ya ci faɗan. Agogon ma yana nan. Amma ya kwanta asibiti, kuma mahaifiyarsa ta sayar da keken ɗinkinta.

Ya ce ba mu kaɗai ba ne. Wani ɗan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya auna a 1983 ya ga mai wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato kafin mai bindiga ya zaro ta daga kube ya saita. Ya tuna mini Kamaru Usman da ɗalibi ke taƙama da shi: a watan Agustan 2022 yana gaba da maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya same shi da ƙafa ɗaya a ka, ya kwanta. Can akwai alƙali, akwai likita, babu wuƙa, babu abokai. Sai ya ce, "Alhaji, nawa ka sayi wayar? Nawa ne jini leda ɗaya? Abin da ka yi a lungun nan, ranka ya daɗe da komai, shi nake koya wa yaran nan. Kai dai addu'ar ce ta yi yawa."

Sauran karatunsa duk bai da ihu a ciki. Kada in ciro waya a lungu ko a gefen a-daidaita-sahu. Da daddare kada in shiga wanda na tarar da samari biyu a baya sun buɗa mini tsakiya. In fi son titi mai haske da mutane a kan yanke. In an tare ni, in jefa wayar gefe guda in bi ɗaya gefen. In danna *#06# in rubuta lambar da ta fito a takarda in ajiye a gida, don ita 'yan sanda za su nema. In sa wa layina lambar sirri, in kuma san yadda zan rufe asusun banki tun kafin ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka tambaye ni yau wanne za ka kai ɗanka, zan ce ka kai shi inda ake taɓa shi da gaske kuma shi ma yake taɓawa: dambe, ko boksin, ko kokawa, ko judo, ko takwandon da ake karawa a cikinta. Yaron da ya san zafin naushi ba ya daskarewa in aka yi masa tsawa, kuma ba ya neman faɗa, don ya san farashinsa. Duk makarantar da abokin karawarka yake miƙo hannu ya tsaya yana jira ka murɗe shi, rawa ake koya maka. Malamin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa cikin mako biyu kuwa, ka saya masa jar maka.

Ni dai na koma wa tsohon soja. Bai ce komai ba, ya kurɓi shayinsa, ya ce in fara da asuba kafin gari ya cika.

Na fara kuwa. Bayan sallar asuba na sa gajeren wando da hular sanyi, na ɗauki hanya daga lungunmu da niyyar in ɓulla Sabon Gari. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, a Fagge ba a saba ganin mai furfura yana gudu da duhun asuba haka kawai ba. Wata mai ƙosai ce ta fara cewa "Lafiya?" Ban amsa ba, don numfashin bai isa magana ba. Wani almajiri ya biyo ni ya ga abin da ya koro ni. Wasu suka biyo almajirin. Sai na ji daga baya an ce, "Ɓarawo!" A nan na gano cewa ashe ina da gudu. Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na tsallake kwatar da ko da rana sai na zagaye ta, na wuce mai shayi ban gaishe shi ba, na sha kwana biyu, na faɗa hannun 'yan sintiri. Suka zaunar da ni a ƙasa suna tambayar abin da na ɗauko. Na ce shawara. Sai da aka taso liman ya zo ya shaide ni, ya dube ni cikin gajeren wando, ya ce, "Alhaji, wannan ma hatsarin ne?"

Saboda haka ina roƙon jama'ar Fagge da Sabon Gari, musamman masu ƙosai da 'yan sintiri: in kuka ga wani mai tumbi da furfura yana haki a gefen titi bayan asuba, don Allah kada a yi ihu, ni ne, kuma ban ɗauki kayan kowa ba. Mai bukatar kayan takwando na babban mutum kuma, riga da bel lafiya lau, wandon ne kawai ke son tela, ya neme ni a Kwari. Zan yi ragi.